Feshin hanci na DSIP, ƙwayar barci ko gyaran dare: wanne ya dace da mai neman barci mai nauyi a Legas?

Kawuna dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ƙarfe 3 na dare ba ta samunsa a kan katifa muddin motoci za su iso daga Arewa. A watan jiya ya zo wurina a Agege bayan sallar isha'i, ya zauna a bakin gado, ya miƙo mini wayarsa da hoton wata 'yar farar kwalba mai murfin feshi, wadda wani abokin cinikinsa ya turo masa ta WhatsApp. Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. An ce fesawa biyu a hanci, sai mutum ya yi barci kamar jariri. Na gaji da tashi jiki kamar an kwana ana dukana." Na ce, "Kawu, a ɗan dakata da tura kuɗin, a ba ni kwana biyu in bincika." Harufa huɗu ne a jikin kwalbar, DSIP, kuma abin da na gano a kansu, tare da sauran hanyoyin da mai irin matsalarsa yake iya bi, shi ne nake son in jera kafaɗa da kafaɗa domin wanda yake tunanin saye.

Sai an fara sanin abin da ake nema kafin a auna kayan da ake tallatawa. Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce daga kwanciya zuwa asuba, zagaye ne da yake maimaita kansa kusan kowane minti 90, kuma a cikin kowane zagaye akwai mataki mara nauyi, da mataki mai nauyi, da matakin da aka fi yin mafarki a cikinsa. Mataki mai nauyin shi ne wanda igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa suke yin tafiyar hawainiya, waɗanda masana suke kira igiyoyin delta, kuma a nan ne ake shan wuyar tayar da mutum, a nan ne kuma jiki yake sakin mafi yawan sinadarin girma da gyaran tsoka. Abubuwa biyu game da shi sun shafi zaɓinmu kai tsaye. Mafi yawansa yana zuwa ne a farkon dare, cikin sa'o'i uku ko huɗu na farko bayan mutum ya kwanta, sannan yana raguwa da shekaru, ta yadda mai shekara sittin ba zai taɓa samun irin na ɗan shekara ashirin ba, kome ya sha.

DSIP ɗan guntun furotin ne, irin wanda ake kira feftayid, mai ɗauke da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda tara kacal. Masana biyu a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, Monnier da Schoenenberger, su ne suka tace shi a shekarar 1974 daga jinin da yake fitowa daga ƙwaƙwalwar zomayen da aka sa su barci ta hanyar motsa wani sashen ƙwaƙwalwarsu da lantarki, kuma a 1977 suka bayyana tsarinsa. Da aka zuba shi a ƙwaƙwalwar wasu zomayen sai aka ga igiyoyin delta sun ƙaru, daga nan aka raɗa masa sunan da yake nufin feftayid mai jawo barcin delta. Sunan nan shi ne jarin masu sayarwa har gobe, domin duk wanda ya ji shi zai ɗauka magana ta ƙare. Amma suna ne da aka ba shi tun yana hannun zomo, kafin a san abin da zai yi wa ɗan Adam.

Da aka zo kan mutane sai labari ya sha bamban. A shekarun 1980 an yi 'yan gwaje-gwaje a Turai a kan mutane ƙalilan, wasu sun nuna ɗan amfani, wasu ba su nuna kome ba, kuma ta jijiya ake ɗura shi, ba ta hanci ba. A 1992 an yi wani gwaji a kan mutum 16 masu daɗaɗɗen rashin barci, inda ba majiyyaci ba likita babu wanda ya san wa aka ba maganin gaske wa aka ba na bogi, kuma abin da masu binciken suka ƙarasa a kai shi ne tasirin yana da rauni, kuma da wuya ya zama magani mai babban amfani. Wata bita da aka wallafa a 2006 ta kira shi kacici-kacicin da ba a warware ba, saboda har lokacin ba a gano ƙwayar halittar gadon da take samar da shi ba, ba a kuma gano mazaunin da yake kamawa a ƙwaƙwalwa ba. Ga shi kuma jini yana farfasa shi cikin 'yan mintoci. Fiye da shekara hamsin ke nan da gano shi, kuma a duniyar da kamfanonin magani suke rububin duk abin da zai sa mutane barci, bai zama maganin barci mai rajista ba. A ganina wannan shirun ya fi kowace talla magana.

Masu sayarwa suna da hujja guda da ba ƙarya ba ce, kuma adalci ne a faɗe ta. Feftayid ba ya jure ciki, domin ruwan ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa ake neman masa wata ƙofa, kuma fatar cikin hanci siririya ce mai yawan jijiyoyin jini. Akwai magungunan feftayid na gaske da likitoci suke bayarwa ta hanci, kamar desmofresin mai rage yawan fitsari da kalsitonin na ƙashi. To amma ko a cikinsu ɗan kaɗan ne daga abin da aka fesa yake kaiwa ga jini, saura majina take sharewa zuwa maƙogwaro cikin kamar minti 15 zuwa 20, kuma an san ma'auninsu ne saboda an yi shekaru ana gwadawa. Mai mura, ko wanda hancinsa yake toshewa saboda hayaƙin janareta da ƙurar hunturu, abin da zai shiga jikinsa yau daban ne da na gobe. Desmofresin ɗin ma darasi ne ta wata fuskar, domin a 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta janye amincewa da feshinsa ga yara masu fitsarin kwance, saboda yana zubar da gishirin jini har ya kai ga farfaɗiya. Ke nan abin da aka fesa a hanci ba wasa ba ne don kawai babu allura. Ita dai wannan hukumar a 2023 ta saka DSIP cikin jerin sinadaran da ta ce haɗa su a matsayin magani yana iya zama da haɗari, saboda ƙarancin bayani kan lafiyarsu da yiwuwar jiki ya yi musu bore.

Sai kuma ita kanta kwalbar, wadda a nan ne Legas take shigowa cikin lissafi. Na faɗaɗa hoton da Kawu ya nuna mini, na duba gaba da baya, ban ga lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ba, sai wani ɗan rubutu a ƙasa da Turanci yana cewa don bincike ne kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Da wannan layin mai sayarwa yake wanke hannunsa, in wani abu ya faru ya ce ai ya rubuta. Babu wanda ya tabbatar da abin da ke ciki, ko yawansa, ko tsabtar ruwan da aka narkar da shi, ga shi kuma kullum dare za a riƙa cusa bakin kwalbar a hanci a mayar. Feftayid da aka narkar a ruwa yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali wannan kwalbar za ta taso daga ƙetare, ta kwana a wurin sauke kaya, ta hau bayan babur ɗin mai kai saƙo da tsakar rana a cunkoson Ikorodu Road, sannan ta sauka a firjin da wuta take zuwar masa yadda ta ga dama. Ko da a ce abin da aka zuba tun farko na gaske ne, abin da zai isa hancin Kawu wani abu ne daban. Kuɗinsa kuwa da dala ake lissafa shi, kuma kwalba ɗaya ba ta wuce 'yan makonni. Cinikin biri a sama ke nan.

Melatonin shi ne abin da aka fi kwatanta feshin da shi, kuma ya fi shi tsayuwa da ƙafafunsa nesa ba kusa ba, sai dai ana yawan ɗora masa kayan da ba nasa ba. Sinadari ne da ƙwaƙwalwa take saki idan duhu ya yi domin ta sanar da jiki cewa dare ya shigo, saboda haka aikinsa saita agogon jiki ne, ba ƙara nauyin barci ba. Wata bita ta 2013 da ta tattara gwaje-gwaje da dama ta nuna yana rage jiran barci da kimanin minti 7 a matsakaici. Yana da amfani ga wanda ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed daga tafiya mai nisa agogonsa ya rikice, ko matashin da ya saba kaiwa ƙarfe 2 ido biyu yana son ya dawo da barcinsa baya. Matsalarsa ita ma ta kwalba ce, domin wani bincike a Kanada a 2017 ya auna waɗanda ake sayarwa ya tarar wasu sun gaza abin da aka rubuta a jikinsu da kashi 83 cikin 100, wasu kuma sun haura da kashi 478. Duk da haka yana da araha, an daɗe ana nazarinsa, kuma ana iya neman mai lambar rajista a kantin magani na gaske. Ga Kawu dai ba shi ne amsa ba, domin shi da ya kwanta barci yake kwashe shi.

Ƙwayoyin barci kuwa, su Valium da Lexotan da ake raɗa wa mai kemis sunansu, su ne suka fi kowane abu saurin aiki, su ne kuma suka fi yaudarar mai neman barci mai nauyi. Suna kwantar da mutum ba shakka, amma abin da na'urar auna ƙwaƙwalwa take nunawa shi ne suna ƙara mataki mara nauyi suna rage mai nauyin, wato ainihin abin da aka fito nema shi suke ci. Jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, shi ya sa likitoci ba sa son a wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha, kuma wanda ya daɗe a kansu in ya daina farat ɗaya rashin barcin yakan dawo fiye da da, wani ma har da jijjiga. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Suna da wurinsu, kamar wanda aka yi wa rasuwa ya kwana uku bai runtsa ba, amma da takardar likita da ranar dainawa. Piriton da wasu suke sha don ya kashe musu jiki maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, tasirin barcinsa yana dusashewa cikin 'yan kwanaki, yana barin nauyin kai da safe, kuma yana iya riƙe wa dattijo fitsari. Maganin tari mai kodin ba ya ma cikin lissafi, tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi, kuma kowa a cikinmu ya san gidan da ya ɗaiɗaita.

Hanyar da ba ta da kwalba ita ce ta fi ƙarfin hujja, ita ce kuma ta fi wuyar tallatawa. Akwai tsarin horar da barci da likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam suke koyarwa cikin makonni shida zuwa takwas, wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa shi za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen rashin barci kafin kowace ƙwaya. Ginshiƙansa su ne tashi a lokaci ɗaya kullum, da ƙin hawa gado sai barci ya zo da gaske, da sauka daga gadon in an yi kamar minti 20 ana juyi, da taƙaita zaman gado zuwa gwargwadon barcin da ake samu har ya dunƙule ya yi nauyi. Mu sallar asuba ta riga ta ba mu ginshiƙi na farko kyauta, abin da ya rage shi ne lokacin kwanciya. Gaskiya ne cewa an tsara wasu shawarwarin ne da tunanin mai falo da ɗakin kwana, kuma mutumin da yake ɗaki ɗaya da iyalinsa a gidan haya a Idi-Araba ba shi da wani ɗakin da zai koma, amma tabarmar salla a gefe da carbi a hannu cikin duhu suna yin aikin. Ana iya tambayar wannan horon a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ko a asibitin koyarwa na jami'ar Legas, kuma zuwa Yaba don matsalar barci ba ya nufin mutum ya taɓu, ko da yake na san sai an yi da gaske kafin dattijo ya yarda da haka.

A nan ne na zauna da Kawu muka yi lissafin darensa da biro da takarda. Yana barin kasuwa bayan la'asar, ya biya ta wurin abokai, ya iso gida wajen magariba in hanya ta yi kyau. Bayan isha'i akwai shayi mai kauri a teburin mai shayi, wani lokaci da Nescafé a ciki, ga goro da ba ya rabuwa da aljihunsa tun safe. Yana kwanciya wajen 11, ya tashi 3. Sa'a huɗu ke nan, alhali abin da masana suka tsayar ga baligi shi ne bakwai ko fiye. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi yana ɗaukar kamar sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jiki, kuma aikinsa shi ne toshe saƙon gajiyar da yake tara wa mutum barci mai nauyi. Wani gwaji a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin da aka sha sa'a shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da sa'a ɗaya. Ƙara da zafin watan Maris, lokacin da ɗaki yake kwana da ɗumi alhali jiki yana buƙatar ya ɗan huce kafin barci ya yi nisa, da ƙarar janaretan maƙwabta da take yankewa ta dawo, da sauro. Babu feftayid ɗin da zai mayar da sa'a huɗu bakwai. Fesa shi a kan wannan daren daidai yake da ana magani kai yana kaba.

Abin da ya fi ba ni tsoro bai fito daga bakinsa ba, daga bakin matarsa ya fito ranar da na kai masa amsa gida. Tana ajiye mana ruwa ta ce, "Ai ka gaya masa gaskiya, minsharinsa har tsakar gida ake ji, kuma sai ya yi shiru kamar numfashi ya ɗauke, in ƙirga har goma, sannan ya ja da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe." Wannan ita ce alamar cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci, inda maƙogwaro yake rufewa sau da yawa a dare, ƙwaƙwalwa ta riƙa fizgo mutum daga barci mai nauyi don ya yi numfashi, shi kuwa bai sani ba. Mai ita yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yi ta gyangyaɗi da rana, kuma tana tafiya tare da hawan jini da ƙiba da kaurin wuya, waɗanda Kawu yake da su duka. Ana gano ta da gwajin barci na dare ɗaya, ana kuma magance ta da rage ƙiba, da kwanciya a gefe maimakon rigingine, da na'urar da take hura iska ta hanci. Ga irin wannan mutum ƙwayar barci haɗari ce ta gaske, domin tana ƙara sakin naman maƙogwaro. Duk direban tirela da yake kwana a layin Apapa yana irin wannan minsharin ya kamata ya ɗauki maganar da muhimmanci fiye da kowa.

Idan aka jera su, zaɓin ya danganta ne da irin daren da mutum yake yi. Wanda barci yake ƙi zuwa da wuri amma in ya zo ya zauna, melatonin kaɗan mai rajista tare da ajiye waya ya isa gwaji. Wanda ya yi wata uku yana juyi a gado akalla dare uku a mako, horon barci ne nasa, ƙwaya kuwa sai in likita ya ga dole. Wanda fitsari yake tayarwa sau uku ko huɗu, awon suga da na mafitsara yake buƙata. Wanda tunani da baƙin ciki suke farkar da shi tun kafin kiran salla na farko, damuwar ce abin dubawa. Na nemi layin da feshin DSIP zai zama na farko a cikinsa ban samu ba, domin a kowane layi akwai abin da ya fi shi hujja, ya fi shi araha, aka kuma san abin da ke cikinsa. Masu cewa sun gwada sun ji daɗi ba lallai ƙarya suke yi ba, sai dai barci yana cikin abubuwan da sa rai kaɗai yake gyarawa na ɗan lokaci, kuma mutumin da ya kashe dala a kan kwalba yakan kwanta da wuri ya ajiye waya a daren da ya fara fesawa. Agogon hannu mai nuna mintocin barci mai nauyi shi ma ba shaida ba ne, domin motsi da bugun zuciya yake aunawa ya yi kirdado, ba igiyoyin ƙwaƙwalwa ba. Wanda duk da haka ya ƙudurta sai ya gwada, to kada ya kasance mai ciki ko mai shayarwa ko yaro, kada ya haɗa da wata ƙwayar barci, kuma ya fara nuna wa likitansa kwalbar, musamman in yana shan maganin hawan jini ko na suga.

Kawu bai tura kuɗin ba. Goro ya ce ba zai bari ba, amma mun daidaita a kan cewa na ƙarshe shi ne na bayan azahar, shayin dare ya koma na citta da kanumfari ba ganyen shayi, kwanciya ta dawo ƙarfe 9 a daren da motoci za su iso, sannan ya riƙa yin kailula ta minti 20 zuwa 30 a rumfa in ciniki ya lafa. Batun asibiti ne ya fi jan gardama, sai da matarsa ta ce za ta ɗauki minsharin a waya ta kunna wa 'ya'yansa. Ta ɗauka kuwa, kuma faifan yana cikin wayata yanzu, shi za mu kunna wa likita ranar Talata.